PS5, PS5 Pro da Xbox Series a Damagaram: me guntu ke yi, me manhaja ke yi

Duk wanda ya je sayen na'urar wasa, ko don gida ko don buɗe gidan wasa a unguwa, tambayarsa ta farko ita ce wacce ta fi hoto. Mai shago kuwa sai ya juya masa kwali ya nuna lambobi: 4K, 120, a tsofaffin kwalayen PS5 ma har da 8K, wadda Sony da kanta ta cire daga baya. Lambobin nan iyakar abin da kafar HDMI za ta iya fitarwa suke faɗi, ba abin da wasa ke zanawa ba. Hoton da ke bayyana a tele aikin ɓangare biyu ne. Akwai sassan da aka ƙera a cikin guntun na'urar, wato ɗan abin da ke mata lissafi da zane, tun daga masana'anta, ba mizajur, wato sabunta manhaja, da zai ƙara su ko ya rage su. Akwai kuma dabarun manhaja da masu haɗa wasa ke rubutawa, waɗanda ke gyaruwa ko bayan an saya. Wanda ya iya raba biyun nan ba zai biya kuɗin abin da telensa ba ya iya nunawa ba.

PS5 ta Sony da Xbox Series X da Series S na Microsoft duk a Nuwamba 2020 suka fito, kuma kamfanin AMD ne ya tsara musu guntu. Ƙwaƙwalwar lissafinsu iri ɗaya ce, Zen 2 mai cibiya 8. Injin zanen ma dangi ɗaya ne, RDNA 2, a yawan rukunonin lissafi suka rabu. PS5 tana da 36 masu gudun da ya kai 2.23 GHz, ƙarfinta teraflop 10.28, wato ma'aunin yawan lissafin da take yi a daƙiƙa. Series X tana da 52 a kan 1.825 GHz, teraflop 12.15. Series S 20 kacal gare ta, teraflop 4. PS4 ta 2013, wadda har yau ake bugawa a gidajen wasa, 1.84 ce. A takarda Series X ce gaba, amma a ido da wuya a raba ta da PS5. Wani wasa ya fi santsi a nan, wani ya fi a can, gwargwadon yadda masu haɗa shi suka ƙware da kayan aikin kowane kamfani.

Abin da aka fi yi wa talla shi ne bin sawun haske. A tsohuwar hanya, ana lissafa haske da inuwa tun kafin wasa ya fito a adana su a jikin bango da ƙasa, ƙyallin ruwa kuma ana kwafo shi daga abin da ke kan fuskar tele a lokacin. Shi ya sa a wasannin PS4 idan ka sunkuyar da kyamara kan kududdufi, ginin da ke cikin ruwan sai ya ɓace daga sama zuwa ƙasa: ginin ya fita daga hoto, manhaja ba ta da inda za ta kwafo shi. A sabuwar hanya na'ura tana harba layuka cikin filin wasa, ta binciki abin da kowane layi ya ci karo da shi, ko yana cikin hoto ko yana bayanka. Duk abin da ke cikin wasa, mutum ne ko mota ko bishiya, da ƙananan alwatika aka gina shi, miliyoyinsu. Ba a iya gwada kowane layi da kowace alwatika, sai a tattara su cikin akwatuna, akwati cikin akwati, layi ya fara da babba ya gangara zuwa ƙarami.

A nan rabon aikin yake. Cikin kowane rukunin lissafi na RDNA 2 akwai ɗan sashe da aka ƙera don tambaya ɗaya tak: layin nan ya taɓa akwatin nan ko alwatikar nan? Yana gwada akwati 4 ko alwatika 1 a kowane bugun agogon guntu. Amma ita tafiyar, wato zaɓen akwatin da za a shiga gaba da tuna inda aka baro, manhaja ce ke yin ta, a kan rukunonin da ya kamata su zana sauran hoton. Katunan Nvidia na kwamfuta suna da sashen da ke yin duka biyun. To ka ga bin sawun haske a waɗannan na'urori rabi ƙarfe ne rabi manhaja, kuma duk lokacin da ya ci, daga lokacin zanen hoto aka cire. Wasa mai hoto 60 a daƙiƙa milisakan 16.7 gare shi ya gama kowane hoto, mai 30 kuwa 33.3. Wannan ne dalilin zaɓin da ake ba ka a farkon wasa. GTA V na PS5, wanda ya fito a Maris 2022, yana da yanayi uku: mai ƙawa a hoto 30 tare da bin sawun haske, mai gudu a hoto 60 ba tare da shi ba, da na tsakiya mai hoto 60 wanda inuwa kawai yake bi. A Series S babu bin sawun hasken a wannan wasa ko kaɗan, duk da cewa sashen yana cikin guntunta. Sashen na nan, ƙarfin ciyar da shi ne babu.

Kada a ɗauka ƙarfe ne kullum ke gaba. Sashen da aka ƙera don aiki guda kamar keken surfani yake: zanen da aka yi shi dominsa yana fitar da shi nan da nan, amma idan aka kawo wani zane dabam sai an koma ga allura da hannu. Crysis Remastered ya yi bin sawun haske da manhaja zalla a PS4 Pro da Xbox One X a 2020, na'urorin da ba su da sashen ko ɗaya. Unreal Engine 5, injin haɗa wasanni na kamfanin Epic, wanda ya fito a 2022 kuma wasanni da yawa ke hawa kansa yanzu, yana da tsarin haske mai suna Lumen mai hanya biyu, ta ƙarfe da ta manhaja. Ta manhajar ba ta duba ainihin alwatika, tana aiki da wata sassauƙar siffa ta filin, don haka ta fi sauƙi, kuma ita ce Fortnite ya yi amfani da ita ya kai hoto 60 a ƙarshen 2022. Aibinta a fili yake ga mai lura: haske yana yoyo ta siraran bango, abin da ke cikin madubi kuma yana fitowa a dunƙule. Tsarin Nanite na injin nan, mai kula da zana ɗimbin alwatika, ya ma fi ba da mamaki. Sashen ƙarfen da ke mayar da alwatika ɗigon hoto an ƙera shi ne don manyan alwatika, yana aiki da ɗigo huɗu-huɗu, idan alwatika ta ƙanƙance ta kai girman ɗigo ɗaya sai ya yi ta ɓarnar aiki. Epic suka rubuta nasu da manhaja, ya kuma fi na ƙarfen sauri a kan ƙananan.

Haka batun rage ƙawa a wuraren da ido ba ya kula, kamar duhu ko abin da ke wucewa da gudu. Xbox Series tana da wannan a cikin guntu, PS5 ta asali ba ta da shi. Amma masu Call of Duty sun yi nasu da manhaja, yana aiki a duka biyun, mai wasa bai san ma an yi ba.

Sai maganar 4K. Hoton 4K ɗigo 3840 ne sau 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p. Manyan wasanni kaɗan ne ke zana wannan adadi a hoto 60. Yawanci ana zana 1440p ko 1080p, wani lokaci ƙasa da haka, sai a cike gurbin da bayanan hotunan da suka gabata. A PS5 da Xbox Series manhaja ce ke wannan aiki, ko FSR 2 na AMD ko wanda masu wasan suka rubuta. Idan ɗigon asali ya yi yawa, sakamakon na da kyau ƙwarai. Idan ya yi kaɗan za ka ga shinge da gashi da ganye suna kyarma, abin da ke gudu kuma yana jan wata inuwa fara-fara a bayansa. Wannan ba lalacewar na'ura ba ce, kada a kai ta wurin mai gyara. PS5 Pro, wadda ta fito a Nuwamba 2024, a nan ta shigo: rukunoni 60, teraflop 16.7, ma'aji 2 TB, da tsarin PSSR da ke cike hoto da koyon na'ura a kan sassan da aka ƙera domin haka. PS5 ta asali ba za ta taɓa samun PSSR ta mizajur ba, tun da sassan ba sa cikinta. Sony ta ce zanen Pro ya fi sauri da kusan kashi 45 cikin 100, bin sawun haske kuma ninki biyu zuwa uku. Amma ƙwaƙwalwar lissafin tana nan Zen 2, don haka wasan da ita ce ta tsayar da shi a hoto 30 ba lallai ya kai 60 ba. PSSR ɗin ma a farko ya kawo kyarma a wasu wasanni sai da aka gyara su ɗaya bayan ɗaya. Nintendo Switch 2 ta Yuni 2025 ta bi wannan hanya da DLSS na Nvidia.

Abin da mizajur ya kawo wa PS5 bayan fitowarta ba kaɗan ba ne: damar ƙara ma'ajin M.2 a 2021, daidaita gudun tele da na wasa wato VRR a Afrilu 2022, fitar da 1440p a Satumba 2022. Dukkansu ƙarfen yana nan tun farko, buɗe shi kawai aka yi. Abin da mizajur ba ya kawowa shi ne ƙwaƙwalwar riƙo, wato inda na'ura ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin wasa. PS5 da Series X 16 GB gare su, Series S 10 GB, kuma 8 ne kawai masu sauri. Baldur's Gate 3 ya makara a Xbox har Disamba 2023 saboda wasan mutum biyu a tele ɗaya ya gagari Series S, aka fitar da shi a Series S ba tare da wannan damar ba, sai daga baya aka samu. Ga gidan wasa, inda mutum biyu a tele ɗaya shi ne sana'ar, wannan abin lura ne.

Yanzu mu kawo su Damagaram. Mafi yawan telen da ke gidajen wasa 1080p ne, ƙanana masu inci 32 da dama ma fuskarsu 1366 sau 768 ce ko da suna karɓar 1080p. A irin wannan tele, na'ura ta zana hoto mai yawan ɗigo ta matse shi, gefuna su yi sumul, shi ke nan ribar. Bambancin PS5 da Pro ba ya fitowa. Hoto 120 da VRR kuwa sai tele mai iya su, 4K a hoto 120 sai mai kafar HDMI 2.1. Sannan me ake bugawa? Ƙwallo ce gaba, sai faɗa, sai GTA. Ƙwallo a hoto 60 take tafiya har a PS4. Abin da PS5 ta ƙara wa ƙwallo shi ne motsin ƴan wasa na HyperMotion, wanda EA ta fara a FIFA 22 ba ta kuma sa shi a PS4 ba, da saurin buɗewa. Ma'ajin PS5 yana karanta 5.5 GB a daƙiƙa, kuma akwai sashe na musamman mai kwance bayanan da aka matse ba tare da ya dami ƙwaƙwalwar lissafi ba. Ga mai karɓar kuɗi a kan kowane wasa, wannan sashen ƙarfe ya fi bin sawun haske amfani nesa ba kusa ba, don lokacin jira tsakanin wasa da wasa ne yake ragewa. Faifan PS4 irin su PES 2021 suna tafiya a PS5, domin an gina yanayin tsohuwar na'urar cikin guntun, amma hoton PS4 za su ba ka. Faifan PS3 ba sa tafiya sam.

Ra'ayinmu a kan kowacce ga shi. PS5 mai cin faifai ita ce ta fi dacewa da garin nan, don faifai ana aro, ana musaya, ana sayarwa, kuma ba ya cinye forfe kamar sauke wasa mai gigabait gommai. Farashinta na farko a Turai yuro 500 ne, wajen jika 328 a canjin sefa 655.957, kafin sufuri da duwan, kuma ya tashi tun daga lokacin. A kula da sabuwar ƙira siririya ta 2023: ma'ajinta 1 TB ne, amma idan daban aka sayi kan faifan, sai an haɗa shi da intanet sau ɗaya kafin ya yi aiki. Pro ta fito a yuro 800, wajen jika 525, ba kan faifai. Ga mai tele 4K babba a falonsa, mai son wasannin labari, tana da abin nunawa. Ga gidan wasa kuwa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Series X na'ura ce mai kyau, mai shiru, kuma Quick Resume nata yana ajiye wasannin da ka bari a ma'aji, ko an zare waya ka dawo inda ka tsaya, sai dai faifanta da manet ɗinta sun fi wuyar samu a kasuwanninmu. Series S ta fi kowa sauƙin kuɗi da ƙarancin cin wuta, wajen wat 75 a lokacin wasa, kuma hotonta ya ishi telen 1080p. Matsalarta ba ta cin faifai, kuma a mai ma'ajin 512 GB, 364 ne kawai naka. Wanda ba shi da intanet tsayayye ya bar ta.

Wuta da zafi da ƙura su ne za su yanke yawan shekarun da na'ura za ta yi. PS5 tana jan wajen wat 200 a manyan wasanni, tele kuma 50 zuwa 80, wato kowane wuri ɗaya kusan wat 280. Wuri huɗu sun haura wat 1,100, ban da fanka da fitila, a lissafa wannan kafin a sayi grup ko a ɗora su kan batir da hasken rana. PS5 tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka wadda aka kawo daga Amurka ma ba ta buƙatar taransifoma. Abin da take buƙata shi ne regilatar saboda hawa da saukar kuran, da ondilar mai 1000 VA don a samu ƴan mintocin kashewa. Injin mai da wutar batir ta gida ya zama mai fitar da wuta sumul, mai araha mai tsalle-tsalle yana iya sa ta mutu tsakiyar wasa. Kada a bar ta a yanayin barci da dare. Idan kuran ya tafi tana rubutu a ma'aji, da safe za ta tashi tana gyaran kanta, wata rana kuma gyaran ya gagara sai an sake zuba mata manhaja.

Sony ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da 40 muke, ɗaki mai rufin kwano ma ya fi haka. PS5 ba ta rage gudu saboda zafi, da nauyin aiki take daidaita gudunta, don haka hoto ba zai gargaɗe ka ba. Fanka ce za ta yi ta ƙara, sai saƙon zafi ya fito, sai ta mutu. Alamar da aka fi gani ita ce ta riƙa mutuwa a wasannin PS5 alhali na PS4 suna tafiya lafiya. Dalili shi ne na PS5 sun fi jan wuta, ƙura kuma ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya ko ƴan ramukan akwatin wuta. A bar mata aƙalla santimita 10 daga bango, kada a sa ta a ƙasa ko cikin kabad. Lokacin hunturu a buɗe farin murfin duk wata: a ƙirar farko akwai ramuka biyu na tara ƙura, a zuƙe su da ƙaramin injin shara. Fankar tana fita da sukurori huɗu masu kan tauraro mai rami, Torx T8, tsayinsu ba ɗaya ba, a jera su yadda aka cire. A riƙe kan fulogin ba wayar ba, a goge fikafikan da buroshi mai laushi, idan da iska za a hura a danne fankar kada ta yi ta juyawa. Ta ramin da ta bari ana hango ramukan akwatin wutar, a share su. Fiye da nan sai ƙwararre, domin tsakanin guntu da ƙarfen sanyaya ruwan ƙarfe ne ba man shafawa ba. Wutar lantarki tana bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan allon na'urar ya isa ya kashe na'ura, musanya shi da man kwamfuta kuma zafi yake ƙarawa.

Idan hoto ya ɓaci, a fara da tambayar ina ya ɓaci. A wasa ɗaya kawai, manhaja ce: a sauya yanayi zuwa mai gudu, a yi mizajur, ko a goge a sake zubawa. Farare ko korayen ɗigo masu walƙiya, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, waya ce ko kafar HDMI. A gwada wata waya, a tele 4K kuma a rage saurin tura hoto zuwa -1 ko -2 a sashen Écran et vidéo. Farar fitila na ci amma tele baƙi ƙirin, a kashe na'urar, sannan a danne maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa 7, a haɗa manet da waya, a sauya fitar hoto daga mode sans échec. In hakan bai yi ba, ko dai haƙoran kafar sun lanƙwashe, ko guntun HDMI, MN864739, ya ƙone, sau da yawa saboda wutar da ta biyo ta tele, don haka tele da na'ura su hau regilatar ɗaya. Murabba'ai masu launi ko layuka a ko'ina, har a fuskar farko kafin a buɗe wasa, wannan ƙwaƙwalwar riƙo ce ko babban guntun, gyaransa na da tsada. Hoto ya koɗe kamar an wanke shi, a kashe HDR, tsarin ƙara wa hoto haske da launi, ƙananan tele ba su da hasken da zai ɗauke shi. Manet na jinkiri, a sa tele a Mode jeu a kashe tsarin santsin motsi, shi ke riƙe hoto kafin ya nuna.

Mai sayen ta hannu, ko a Kasuwar Dole ko wadda aka taho da ita daga Kano, kada ya yarda da gwajin ƙwallo ko wasan PS4. A sa babban wasan PS5 a yanayi mai ƙawa, a bar shi aƙalla minti 30 a ɗakin da ba kilim, a saurari fanka, a ɗan motsa wayar HDMI a ga ko hoto zai ɗauke. A duba hatimin da ke ƙarƙashin murfi ko an taɓa buɗe ta, a sa faifai a ji ya karanta ya fito. A haɗa ta da intanet a tabbatar ba a toshe ta ba. Wasannin da aka ce suna ciki kuwa, a cire intanet a buɗe su ɗaya-ɗaya, duk wanda ya fito da alamar kwaɗo na asusun wani ne, kada a sa shi cikin ciniki.